Masu Gadin Waya: Tarihin Sa Ido Kan Lafiyar Intanet

Idan sadarwa ta yanke, mu a Nijar mukan ce rezo ya tafi, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce babu sabis, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana neman inda za ta kama. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, wa ya fara sanin cewa ta yanke? A kowane kamfanin waya, ko banki, ko babbar jami'a, akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana. Suna zaune gaban allo suna duba lafiyar manyan kwamfutocin da ake kira uwar garke, masu ajiye bayanai da raba su, da kuma wayoyin da suka haɗa su. Idan aikinsu ya yi kyau babu mai jin sunansu. Wannan sana'a tana da tarihin da ya haura shekara 50, kuma ina ganin ya kamata mu san shi, domin ƙarshensa ya iso ƙofar gidanmu.

Mai awo ne ya fara karɓar na'ura

Kakar intanet ita ce ARPANET, wadda wata hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta. Kamfanin BBN da ke birnin Cambridge na jihar Massachusetts ne ya samu kwangilar haɗa na'urorin da za su riƙa karɓar saƙo suna miƙa shi gaba, waɗanda aka sa wa suna IMP. Kowace ɗaya ta kai girman firji. Ta farko an kai ta jami'ar UCLA da ke Los Angeles a ƙarshen watan Agusta na 1969. Dalilin zaɓen wannan jami'a shi ne a can Farfesa Leonard Kleinrock yake, kuma shi aka ɗora wa alhakin cibiyar auna aikin sabuwar hanyar. Wato tun kafin a sami saƙon da za a aika, an riga an tanadi wanda zai auna tafiyarsa.

Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi mai suna Charley Kline ya yi ƙoƙarin shiga kwamfutar cibiyar bincike ta SRI daga Los Angeles. Ya buga harafin L ya isa, ya buga O ya isa, daga nan kwamfutar can ta tsaya cik. Yadda aka san haruffan sun isa shi ne Kline na riƙe da tarho yana magana da Bill Duvall da ke ɗaya ɓangaren, yana tambayarsa abin da ya gani. Kayan aikin sa ido na ranar farko ke nan: mutum biyu da kan tarho.

Kafin shekarar ta ƙare an haɗa wurare huɗu, aka ƙara da Santa Barbara da jami'ar Utah. Ɗaliban Kleinrock kuwa suka riƙa cusa wa hanyar saƙonni da gangan har sai ta shaƙe, don su ga iyakar ƙarfinta. A nasu ɓangaren, injiniyoyin BBN ƙarƙashin Frank Heart sun tsara kowace IMP ta riƙa aiko da rahoton lafiyarta da ta layukan da ke manne da ita a kai a kai. Daga 1970, bayan an haɗa BBN ɗin kansa, rahotannin suka riƙa taruwa a ɗaki ɗaya a Cambridge, wanda daga baya Alex McKenzie ya shugabanta. Layukan na kamfanin tarho ne, haya aka ɗauka. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma a nan sai abin ya juye. Mutanen BBN kan buga wa ma'aikatan tarho na Kalifoniya waya daga nisan dubban kilomita su shaida masu cewa layinsu kaza ya fara lalacewa, alhali masu layin ba su sani ba. Wannan ɗaki shi ne uban duk ɗakunan sa ido da ake da su yau.

Ranar da rahoto ya kashe hanya

Ranar 27 ga Oktoba, 1980, ARPANET ta durƙushe gaba ɗaya na sa'o'i da dama, kuma babu wayar da ta tsinke. Na'urorin sun saba aika wa juna sanarwar halin da hanyoyi ke ciki, kowace sanarwa da lambarta, don a gane sabuwa a yar da tsohuwa. Lambobin daga 0 zuwa 63 suke, idan sun ƙare sai a koma farko, kamar hannun agogo. Sai wata na'ura mai ciwo ta gurɓata lambar sanarwa ɗaya, ta zama kwafi uku: 44 da 40 da 8. Bisa ƙa'idar lissafin, 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, ita kuma 8 ta fi 44 saboda an ɗauka zagaye ya koma farko. Duk wadda ta iso sai a karɓe ta a matsayin sabuwa, a yaɗa ta ga maƙwabta. Tun da irin wannan sanarwa ce ke da fifiko kan kowane saƙo, sai ta cinye ƙarfin na'urorin duka. Injiniya Eric Rosen na BBN ya rubuta bayanin abin da ya faru dalla-dalla, har yau ana koyar da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ƙananan kayan aiki masu tsawon rai

Ranar 1 ga Janairu, 1983, aka mayar da ARPANET kan ƙa'idar TCP/IP, wadda ta ba hanyoyin sadarwa daban-daban damar haɗuwa. Daga nan babu sauran ɗaki ɗaya da ke ganin komai. Kowace jami'a da kowace hukuma na da nata yankin, kuma idan saƙo ya ɓace kowa sai ya ce ba a wajensa ba ne.

A watan Disamba na shekarar, Mike Muuss, ma'aikaci a wani ɗakin binciken sojan Amurka da ke jihar Maryland, ya ga hanyar sadarwar wurin aikinsa tana yin wasu abubuwa da bai gane ba. A dare ɗaya ya rubuta wata ƴar manhaja ya sa mata suna ping, daga ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke amfani da ita wajen gano abin da ke gabansu ta hanyar amsa-kuwwa. Aikinta kamar sallama ne a ƙofar gida. Tana aika ɗan ƙunshi zuwa wata kwamfuta, ta jira amsa, ta faɗa maka ko an amsa da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka. Muuss ya rasu a haɗarin mota a shekarar 2000, amma manhajarsa na cikin kusan kowace kwamfuta a duniya, kuma ita ce abin da ma'aikaci ke fara bugawa idan aka ce masa abu ya lalace.

A watan Oktoba na 1986 wani abin mamaki ya faru tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, waɗanda tazararsu ba ta kai mita 400 ba. Saurin tafiyar bayanai tsakaninsu ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40, wato kimanin harafi biyar a daƙiƙa. Van Jacobson da Michael Karels suka zauna suna bin ƙunshin bayanai ɗaya bayan ɗaya. Suka gano cewa idan hanya ta cika saƙo ya makara, kwamfutar da ta aiko shi sai ta sake turo wani kwafin, cunkoso ya ƙaru, kowa ya sake turowa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙofar kasuwa ranar jajibirin salla ya san yadda turereniya ke hana kowa wucewa. Maganin da suka fitar a 1988 shi ne kowace kwamfuta ta fara aikawa a hankali, ta riƙa ƙarawa, da ta ga alamar ɓacewar ƙunshi ta ja baya. Har yau da wannan ladabi intanet ke tafiya.

Jacobson ɗin ne kuma ya rubuta traceroute a ƙarshen shekarun 1980. Kowane ƙunshi yana ɗauke da wata lamba da ake rage ɗaya daga cikinta a kowane zango, idan ta kai sifiri na'urar zangon ta yar da shi ta aiko da sanarwa. Sai ya riƙa aika ƙunshi mai lamba 1, sannan 2, sannan 3, kowane zango yana tona kansa. Da wannan dabara mutum a Maradi zai iya ganin duk zangunan da saƙonsa ke bi kafin ya isa Faransa, ya kuma ga inda ya maƙale.

Harshe ɗaya ga dukan na'urori

Sallama a ƙofa ba ta isa a san abin da ke cikin gida ba. Ana buƙatar hanyar da za a tambayi na'ura, kowane kamfani ne ya ƙera ta, nawa ta karɓa, nawa ta aika, nawa suka lalace. A watan Agusta na 1988 mutum huɗu, Jeffrey Case da Mark Fedor da Martin Schoffstall da James Davin, suka fitar da ƙa'idar SNMP. Hukumar da ke lura da ƙa'idojin intanet a lokacin ta karɓe ta a matsayin ta wucin gadi, kafin wata babbar ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa mai suna CMIP ta nuna. Waccan ba ta taɓa samun karɓuwa a intanet ba, ta wucin gadin kuwa tana nan tana aiki bayan shekara 30 da ɗoriya. Sauƙinta ne ya raya ta, shi ne kuma rauninta, domin kalmar sirrinta a fili take tafiya, kuma na'urori da yawa da kalma iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Sai a 2002 aka tabbatar da zubi na uku mai cikakken tsaro.

Lambobi sun samu, saura yadda ido zai gane su. A 1994 wani matashi ɗan Suwizalan, Tobias Oetiker, yana aiki a jami'ar De Montfort da ke Leicester a Ingila, inda kwamfutoci fiye da 1,000 ke rububin layi ɗaya mai saurin kilobit 64. Kullum mutane na ƙorafin jinkiri. Sai ya rubuta manhajar da ke tambayar na'urar layin kowane minti biyar, ta zana amsar a shafin da kowa zai iya buɗewa: kore ga abin da ke shigowa, shuɗi ga abin da ke fita. Ba ta ƙara wa layin sauri ko kaɗan ba, amma ta sa kowa ya ga da idonsa cewa a cike yake, kuma gani ya kori ji. Ya sake ta kyauta a 1995 da sunan MRTG, ta bazu a kamfanonin intanet na duniya. A 1999 Ethan Galstad ya fitar da NetSaint, wadda ta koma Nagios a 2002. Ita tana zagaya na'urori tana dubawa, ta nuna kore ko rawaya ko ja, ta tashi ma'aikaci daga barci idan abu ya ɓaci. Zabbix ta Alexei Vladishev ta biyo baya daga Latbiya a 2001.

Shiru ba lafiya ba ne

Mu masu aikin rediyo muna da wata al'ada. Ban da abin da mai gabatarwa ke ji a kunnensa daga teburin haɗa sauti, akan ajiye ƙaramar rediyo da ke kamo tashar daga iska kamar yadda mai sauraro ke kamo ta. Dalili shi ne allurar tebur na iya rawa, kai kana ta zuba, alhali na'urar watsawa ta mutu tun ɗazu. Abin da ya faru a Amurka ranar 14 ga Agusta, 2003, ya nuna abin da rashin irin wannan kunne na biyu ke jawowa.

Da ƙarfe 2:14 na rana, manhajar ƙararrawa a ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohio ta maƙale saboda wani kuskure a rubutunta. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kuma sanar cewa ta daina aiki ba. Bayanai suka taru har uwar garken farko ta faɗi, ta biyun da ke jiran ko-ta-kwana ita ma ta bi ta. Ma'aikatan kwamfuta suka sake kunna su, suka ga sun tashi, suka ɗauka komai ya daidaita. Daga ƙarfe 3:05 manyan wayoyin wuta suka fara taɓa itatuwa suna yankewa ɗaya bayan ɗaya. Masu kula da layukan maƙwabta suna bugo waya suna cewa akwai matsala, masu ɗakin kuwa suna kallon allon da bai nuna masu komai ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wuta ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontario na Kanada. Shi ya sa ƙwararru a yau ke ajiye wata ƙararrawa ta dabam da ke jiran bugun zuciyar na'urar sa idon kanta, da ta ji shiru sai ta yi kuka.

Da kamfanoni irin su Google suka mallaki dubban ɗaruruwan kwamfutoci, tambayar ko wannan na'ura na raye ta rage amfani, domin kullum sai wasu sun mutu. Sai aka koma auna abin da mai amfani ke ji. A wani littafi da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 sun ware ma'auni huɗu: jinkirin amsa, yawan buƙatun da ke shigowa, yawan waɗanda suka gaza, da kusancin na'ura ga cika. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin biyu, Matt Proud da Julius Volz, su suka fara Prometheus a kamfanin SoundCloud a 2012, Grafana mai zana allunan ta fito a 2014.

Duk da haka, ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya kusan sa'a shida. Na san da yawa daga cikinmu sun tuna yammacin, ana ta kashe waya ana kunnawa. Kamfanin ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar don auna ƙarfin manyan layukansa ne ya katse su duka, kuma manhajar da ya kamata ta tare irin wannan umarni tana da nata kuskuren. Kayan binciken injiniyoyin a kan hanyar da ta mutu suke, don haka suka mutu tare da ita, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa ɗakunan na'urorin. An kulle mai gadi a cikin gidan da yake gadi.

Inda labarin ya same mu

Waɗannan kayan aiki sun iso Afirka ta hannun mutane irin su Nii Quaynor na Gana, wanda kamfaninsa ya haɗa ƙasarsa da intanet a 1995. Yana cikin waɗanda suka kafa AfNOG, ƙungiyar ma'aikatan hanyoyin sadarwa na Afirka, wadda ta fara taronta a Cape Town a 2000, ta zo Accra a 2001. A irin waɗannan tarurruka, tare da cibiyar NSRC ta jami'ar Oregon, injiniyoyin nahiyar da dama suka koyi girka manhajojin sa ido, kuma kasancewarsu kyauta ya sa ƙaramin kamfani ma zai iya.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Kamfanin Cloudflare ya ga faɗuwar zirga-zirga a ƙasashe 13, ciki har da Gana da Binin da Najeriya da Kamaru da Nijar. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinmu ke biyowa, don haka ciwonsu namu ne. Hukumar sadarwa ta Gana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. A ranar, labarin farko mai lambobi da ya iso ɗakunan labarai daga allunan masu sa ido na waje ya fito.

Akwai kuma yankewar da ba teku ce ta jawo ba. Kamaru ta rufe intanet a yankunanta biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu na 2017, fiye da kwana 90. Cadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. A Sudan an yanke intanet ɗin wayar hannu fiye da wata guda bayan tarwatsa zaman dirshan na Khartum ranar 3 ga Yuni, 2019. A nan Nijar an yanke shi kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da sunan yaƙi da ƴan bindiga. Wani lokaci hukuma kan fito ta faɗi dalilinta, wani lokaci a yi gum a bar mutane su ɗauka rezo ne ya lalace. Ƙungiyoyi irin su NetBlocks da OONI da shirin IODA na jami'ar Georgia Tech su ke iya nuna ranar da abin ya fara, da layukan da ya shafa, da ranar da ya dawo. Daga cikin dabarun IODA akwai aika sallama ga ɗimbin adireshi a ƙasa ana ƙirga masu amsawa, jikar abin da Muuss ya rubuta a 1983. Kayan aikin da aka ƙera don gyaran na'ura ya zama shaida a hannun ɗan jarida da lauya.

Abin da ke damuna shi ne mafi yawan waɗannan idanu daga Turai da Amurka suke kallonmu. Suna iya ganin ƙasa ta yi duhu, amma da wuya su bambanta halin da Diffa ke ciki da na Yamai, ko su san cewa wani ƙauye ya yi mako uku babu layi. Mai tura kuɗi ta waya da cinikinsa ya tsaya, da ɗalibar da ranar rufe rajista ta wuce ta, ba su da wata takarda da za su nuna wa kamfani ko hukumar da ke sa ido a kansa. Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba. Tun 2010 cibiyar RIPE NCC ke tafiyar da shirin Atlas, inda masu sa kai ke maƙala ƴar ƙaramar na'ura a layinsu tana aunawa dare da rana, sakamakon kuma a buɗe yake ga kowa. Manhajar OONI ana iya sauke ta a wayar hannu, ko da yake ya kamata mutum ya karanta gargaɗinta ya auna yanayin ƙasarsa kafin ya kunna. Jami'o'inmu na Damagaram da Maradi da Tawa, da gidajen rediyon al'umma, da ƙungiyoyin kare masu saye, duk suna iya riƙe irin wannan awo su ajiye tarihinsa. Ranar da aka sake cewa matsala ce ƴar ƙarama kuma an shawo kanta, sai a sami wanda zai buɗe jadawalinsa ya faɗi sa'ar da ta fara da kwanakin da ta yi.